Ranar da Pak Baharom Ya Zaga da Baƙuwa a Melaka

Shekara talatin da shida Pak Baharom ya yi yana raba wasiƙu a tsohon garin Melaka, sha ɗaya a kan keke, sauran a kan jan babur ɗin gidan waya. Ya shiga aikin siriri kamar sillen kara, ya fito da tumbi da ciwon gwiwa da takardar yabo wadda matarsa Zabedah ta sa wa gilashi ta rataye a saman talabijin. Bai tara abin duniya ba, bai kuma damu ba. Dukiyarsa guda ce: ya san garin. Ya san gidan da karensu ke cizo da gidan da karen sai haushi kawai. Ya san tsohuwar da ke zaman jiran takardar ɗanta daga Singapura, da shagon da ake miƙo wa mai wasiƙa shayi ko bai roƙa ba. Zagayen da abokan aikinsa ke gamawa kafin azahar shi sai la'asar, domin ba ya iya miƙa wa mutum ambulan bai haɗa masa da labari ba.

"A ɗaure mini ido a ajiye ni a bakin gada," haka yake cewa a teburin mai shayi. "Duk ƙofar da kuka ambata, in ban kai ku ba ku sake mini suna."

Ba wanda ya taɓa gwada shi. Tun da ya yi ritaya, shekara sha biyu ke nan, suka koma wani ɗan gida a bayan gari, duniyarsa ta tsaya a masallacin unguwa da mai shayi da kasuwar kifi. Cikin gari ya bar wa 'yan yawon buɗe ido. Amma a ransa Melaka tana nan inda ya ajiye ta, kamar takalmi a ƙofar masallaci.

'Yarsa Norlia tana aure a Kuala Lumpur. Mijinta Fadzil ɗan Temerloh ne, garin bakin kogi can cikin ƙasa, mutanen da ba su da zance sai kifin patin da suke dafawa da tsimammen ɗan itacen durian. Ranar biki, shekara shida da suka wuce, an zuba wa Pak Baharom wannan miya, ya ci har ya ƙara, sannan ya goge baki ya dubi uwar ango, Hajah Rogayah, a gaban jama'a.

"Ba laifi, Hajah," ya ce. "Amma kifin kogi kifin kogi ne. Ranar da kika zo Melaka za ki san an ci kifi."

Hajah Rogayah, 'yar gajeriyar dattijuwa mai tabarau da magana ƙasa-ƙasa, ta ce, "Allah Ya nuna mana." Ya ji an ce ta yi aikin koyarwa. Da yake kullum a ganta da kwanon abinci, sai ya yanke wa kansa cewa girki take koya wa 'yan mata. Bai tambaya ba. Tambaya ba ta cikin halayensa.

To, Allah Ya nuna. Norlia ta bugo waya ta ce suna tafe ranar Juma'a, ita da Fadzil da mahaifiyarsa, su kwana, Asabar a zaga gari. Mako guda Pak Baharom ya yi yana tsara ranar a bayan wani tsohon ambulan: inda za a karya, inda za a gani, inda za a ci kifi. Zabedah ta leƙa ta kafaɗarsa, ta kira shi da Abang, yadda matan can ke kiran miji.

"Abang, yaushe rabonka da waɗannan wuraren?"

"Gari ƙafa gare shi da zai tashi?"

Ta koma ga tsintar wakenta. Shekara arba'in da aure sun koya mata cewa akwai maganar da rana ce ke faɗa wa mutum, ba mata ba.

Da safiyar Asabar ya fito cikin rigar batik ɗinsa mai zane-zane ta zuwa biki, sai ya tarar da baƙuwar tana saka wata kula mai hawa uku a bayan mota.

"Wannan fa, Hajah?"

"'Yar miya ce na taho da ita daga gida. Na ɗumama da asuba, Zabedah ta taya ni da shinkafa."

"Miya? A Melaka? Wa ke kai wa mai rijiya ruwa?"

"Sabo ne kawai, Pak Baharom. Hanya ba ta da tabbas."

Ya zauna a gaba kusa da Fadzil. Wayar Fadzil ta fara magana da muryar mace, tana cewa a yi dama. Pak Baharom ya ce a kashe ta, bai ga yadda yarinyar da ba ta taɓa taka Melaka ba za ta nuna masa hanya ba. Hagu za a yi. Aka yi hagu, aka tarar titin ya zama na fita kawai. Aka bi wani lungu da ya ce yana yanke hanya, aka tarar an dasa masa ƙarafa a baki, sai mai ƙafa. Motoci kuwa sun cika gari kamar ana rabon kyauta, lambar Singapura, lambar Johor, da doguwar bas tana ƙoƙarin juyawa a inda keke ma sai da dabara.

"Abah," in ji Norlia daga baya, "wannan agogon jar hasumiyar sau uku ke nan muna gaisawa da shi. Ko mu tsaya mu tambaye shi iyali?"

"Ina nuna wa Hajah shi ne ta kowane ɓangare."

"Na gan shi sosai," in ji Hajah Rogayah. "Na gode."

Sai wajen ƙarfe goma suka samu wurin ajiye mota, can nesa, suka tako a ƙafa. Karin kumallo a wurin Mak Jah aka tsara, matar da ke sayar da shinkafar kwakwa da sambal, wato miyar barkono, a ganyen ayaba a gindin wata bishiya kusa da gada. Shekara ashirin a can yake karyawa. Bishiyar tana nan. A gindinta kuwa shagon riguna ne masu rubutu da 'yan kayan tsaraba, da wata budurwa da ta ce ita ba ta taɓa jin wata Mak Jah ba, amma in suna son riga uku akwai ragi. Wani tsohon mai keken haya, wanda aka lulluɓe kekensa da furannin roba da 'yar tsana, yana jin su.

"Mak Jah mai sambal? Ai ta yi shekara tara da rasuwa, Pak. Ina kake?"

Pak Baharom ya yi salati. Ya tsaya yana kallon inda bencinta yake a da. Matar da take ajiye masa ƙunshi biyu in ya makara, ta mutu an binne ta, yana bayan gari yana ba mai shayi labarin daɗin sambal ɗinta kamar jiya ya ci. Zabedah ta sayo soyayyar ayaba a takarda ta miƙa wa kowa, shi ya ce ba ya jin yunwa. Sannan ya ci uku.

Da suka isa dandalin jajayen gine-gine sai ƙarfinsa ya dawo. Nan fa fagensa ne. Ya tsaya a tsakiya, ya nuna da yatsa, ya ce wannan Ingilishi ne suka gina shi, wancan kuma fadar wani sarki ce da aka mayar coci, jan fentin kuwa Japanawa ne suka shafa lokacin yaƙi don kada jiragensu su jefa masa bam. Bai san inda ya samo wannan ba. Wani ya faɗa masa, ko kuma shi ya faɗa wa wani har ya dawo masa.

"Ikon Allah," in ji Hajah Rogayah tana gyara tabarau. "Japanawa?"

"Su fa. Ba kowa ya sani ba."

"Lallai ba kowa ba."

Zabedah ta mintsine shi a hannu. Ya ɗauka sauro ne.

Daga nan sai tudun da ke bayan dandalin, wanda wata tsohuwar coci marar rufi ke kansa. Ba ya cikin ambulan, amma Norlia ta ce ba a zuwa Melaka a koma ba a hau ba. Abin da Pak Baharom bai taɓa gaya wa kowa ba shi ne, shekara sittin da bakwai a garin, bai taɓa kaiwa ƙololuwar tudun ba. Me zai kai shi? Babu mai karɓar wasiƙa a can, sai matattun Turawa. Ya kama ƙarfen matakala ya hau, gwiwa na ƙara, yana tsayawa kowane taki goma wai yana jiran Hajah, alhali Hajah tana gaba.

A sama iska ta buge shi. Duwatsun kaburbura ne jingine da bango, sun fi mutum tsayi, masu zanen ƙoƙon kai, yara suna ɗaukar hoto a jikinsu. Ya matsa gefe ya leƙa garin, sai ya ji wani iri. Rufi ne jajaye birjik, da dogayen otal-otal, da teku can nesa tana ƙyalli. Ya nemi titin da ya bi sau dubbai ya rasa. Shi ƙofofi ya sani, bai taɓa ganin rufinsu ba.

"Ina tsohon gidan wayarku daga nan, Abah?" Fadzil ya tambaya.

Ya nuna wani wuri da haɓa, yadda nunin zai iya faɗawa kan rabin gari.

Suka sauko ta ɗaya gefen, inda tsohuwar ƙofar ganuwa take tsaye ita kaɗai, babu ganuwar. Ya ce mutanen Sarkin Melaka ne suka gina ta da farin ƙwai. Hajah ta sake cewa ikon Allah. Sai ya juya ya nuna babban kantin zamani da ke tsallaken fili, mai gilasai da tutoci.

"Kun ga can? Lokacin ina yaro teku ce. Nan muke tuɓe riga mu faɗa ruwa. Na taɓa kama ƙaguwa daidai inda motar can take."

Fadzil, wanda ya haɗiye Japanawa da farin ƙwai bai ko tauna ba, ya fashe da dariya. "Haba Abah! Teku a cikin kanti? A wane hawa, na biyu ko na uku?"

Norlia ma ta rufe baki da gyale. Duk yinin nan magana ɗaya ya faɗa wadda ya gani da idonsa, ita ce kuma aka ƙi saya.

"Bar dariya, Fadzil," in ji Hajah Rogayah. "Wannan kam gaskiya ne. Ruwa yana zuwa har kusa da nan. Cike shi aka yi."

"Wannan kam" ɗin ta tsaya wa Pak Baharom a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.

"Hajah ta taɓa jin labarin ke nan?"

"Ina koyar da shi. Tarihi na koyar, shekara talatin da ɗaya. Kusan kowace shekara sai na kawo ɗalibai nan a bas. A gindin ƙofar nan nake tara su in ƙirga kawuna."

Ya dubi Zabedah. Zabedah tana kallon sama kamar an ce mata za a yi ruwa.

"Ke kin sani?"

"Kowa ya sani, Abang. Tun ranar biki aka faɗa, kana ba kawun ango labarin kare."

"To ƙofar wa ya gina?" ya tambaya, murya ta yi ƙasa.

"Turawan Fotugal. Jajayen can kuma na Holan ne." Ta ɗan yi murmushi. "Amma zancen Japanawa ya fi nawa daɗi. Da na san shi da yara ba su riƙa barci a ajina ba."

Saura kifi. Shi ne abin da ya rage masa, kuma a kansa ya rataya sauran mutuncinsa. Gidan abincin da ya nufa, Alhamdu lillahi, yana nan, har ya haɗiye shaguna biyu na kusa. Layi kuwa ya fito titi ya sha kwana. A bakin ƙofa wata mata ta miƙa masa 'yar takarda mai lamba tamanin da huɗu. Ya ce ta shiga ta gaya wa mai gidan Baharom na gidan waya ne. Ta ce mai gidan yana Makka, ɗansa ke riƙe da wurin, ɗan kuma yana kicin, kuma ko limamin gari ne sai ya karɓi lamba. Suka tsaya a rana fiye da awa guda, ƙamshin miyar tsamiya da barkono yana fitowa yana dukan hancinsu. Ana kiran saba'in da tara sai matar ta fito da allo ta rataye: kifi ya ƙare, saura ƙwai da kuɓewa.

Kowa ya kau da kai. Da ma sun yi masa tsiya da ya fi sauƙi.

Suka yi azahar a wani tsohon masallaci mai hasumiya irin ta gidan ibadar Sinawa. Da suka fito ya ce su bi ta wani siririn titi, akwai inuwa. Wannan karon bai yi kuskure ba, ƙafarsa ce ta tuna. Gidaje ne dogaye masu ƙofofin katako da fitilu ja, rabinsu sun zama wuraren shan kofi. A ƙofar wani da bai zama ba, wata tsohuwa daga cikin Sinawan garin tana zaune a kujerar kaba tana fifita. Bibik Geok ce, mai gida lamba sittin da biyu, wadda ɗanta ke rubuto mata daga Singapura. Ta tsufa tukuf, idanun sun yi fari-fari.

"Bibik! Kina nan? Mai wasiƙa ne!"

Ta miƙa wuya, ta kama hannunsa da hannu biyu. "Mai wasiƙa? Wayyo, Sahak! Sahak, kai ne? Ka yi ƙiba!"

Sahak abokin aikinsa ne da suke karɓeɓeniyar wannan titi, mutum shiru-shiru wanda Pak Baharom ya ɗauka ba wanda ya ma san da shi. Ya buɗe baki zai gyara, amma tsohuwa ta riga ta ja shi ciki, tana kiran 'yar aikinta ta kawo shayi. Aka zaunar da su a tsakar gida mai sanyi, aka jere musu wainar shinkafa da kwakwa kala-kala da cincin ɗin abarba.

"Ku ci, ku ci, ba abin da addininku ya hana a ciki. Na san ka, Sahak, da tsantseni." Ta juya wajen su Hajah. "Wannan mutumin kirki ne. Ya zo, ya ajiye wasiƙa, ya gaishe ka, ya tafi. Ba kamar ɗayan ba. Wane ne sunansa ma? Mai gashin baki, mai surutu kamar rediyon da maɓallinsa ya lalace."

Norlia ta shaƙe da shayi.

"Ina tsaye ina ganin rubutun ɗana a hannunsa, zuciyata na bugawa, shi kuwa yana ba ni labarin wani kare. Sau biyu miyata na ƙonewa saboda shi! Yana raye kuwa?"

Duk ido ya koma kan Pak Baharom. Ya ajiye kofi a hankali.

"Yana raye, Bibik. Ya tsufa."

"Ya rage surutun?"

"Yau kam ya rage," in ji Zabedah.

"Amma fa," tsohuwar ta ɗaga yatsa, "shekarar ambaliya shi ya zo, ruwa har gwiwa, jaka a ka. A ba shi wannan. Sai dai ya tsaya a cikin ruwan ya yi mini bayanin ambaliyar, kamar ba a ɗakina take ba."

Da za su tafi ta sa aka cika kwalba da cincin ɗin abarba, ta danƙa masa. "Na iyalinka, Sahak."

La'asar sakaliya Fadzil ya kunna wayarsa ba tare da ya nemi izini ba, muryar yarinyar ta kai su bakin teku cikin minti ashirin. Suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin itatuwa, Hajah Rogayah ta buɗe kula. Miyar tana nan da ɗuminta, rawaya, kitsen kifi yana yawo a kai. Ta zuba masa kan kifin. Ya ci da hannu, ya tsotse ƙashi, ya miƙa kwano aka ƙara.

"Yaya, Abah?" in ji Fadzil. "Kifin kogi?"

"Iskar teku ce ta gyara shi."

Hajah ta yi dariya har ta cire tabarau. Sannan, don ta faranta masa, ta ce ita gine-gine ta sani, ba ta san mutanen ciki ba. Wancan gidan mai koren taga kusa da na Bibik, su wa ke ciki a da? Wannan ne kuskure ɗaya da ta yi a ranar. Ya gyara zama. Ya fara da mai koren taga, ya bi titin gida-gida, da wanda ya auri wa, da wanda ya gudu Penang da matar maƙwabci. Norlia ta yi barci a kafaɗar mijinta. Kiran magariba ne ya ceci malamar tarihi, a lamba arba'in da ɗaya.

Washegari baƙi suka tafi. Zabedah ta ɗauko kwalbar za ta buɗe, ya riƙe hannunta.

"Ba namu ba ne. Sunan Sahak aka faɗa."

"Abang, tsohuwar ba ta gani."

"Saƙo sai mai shi. Shekara talatin da shida ban buɗe na wani ba."

Ya yi kwana biyu yana cigiya kafin ya ji Sahak yana Muar wurin 'yarsa. Ya hau bas da kwalba a cinya. Ya same shi a baranda, ba haƙori ko ɗaya, likita kuma ya hana shi zaƙi. Sahak ya juya kwalbar, ya yi dogon tunani, ya ce shi bai tuna wata Bibik ba, lamba sittin da biyu dai ya san akwai matakala uku. Ya tura masa kwalbar ya ce ya taimaka ya ci. Pak Baharom ya buɗe, ya ɗauki ɗaya, ya fara ba shi labarin yadda ya zaga da wata malamar tarihi garin Melaka har ta ƙaru da abubuwan da babu a littafi. Sahak yana gyaɗa kai har bas ɗin ƙarfe huɗu ta komawa Melaka ta wuce.